Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Unguwanni, Limamai Da Shugabannin Makarantu Kan Yaran Da Ake Cuta A Cikin Gidajensu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayen ƙasa. Allah ya gafarta malamai. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da jama'arku, mu ma'aikatan lafiyar yara ne da jami'an walwalar jama'a. Mun zaɓi mu rubuto muku maimakon gwamna ko kwamishina saboda dalili guda: kafin yaron da ake cuta a gida ya isa asibiti ko gaban 'yan sanda, ya riga ya wuce ta gabanku sau ɗari. Ya zauna a sahun baya a Islamiyya, ya ɗebi ruwa a famfon ƙofar masallaci, ya ratsa ta gaban zauren mai unguwa da farantin talla a ka. Idan idanunku suka san abin da za su duba, sau da yawa za a tsamo shi kafin a kai ga karaya ko makara.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF, asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna cewa yara shida cikin goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma an taɓa yin lalata da su ko an yi yunƙurin hakan, kuma waɗanda suka samu wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Mafi yawan masu aikatawa kuwa yaron ya san su. Muna ta gargaɗin yara su guji baƙo mai alewa, alhali ɓarnar ta fi yawa daga wanda yake shiga gida ba tare da an ce wa yaro ya koma ɗaki ba.

Mun san inda magana za ta fara tsayawa: tarbiyya. Za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma tanƙwarawa aka ce, ba a ce a karya ba. Ko malaman da suka halatta dukan ladabi sun gindaya sharuɗɗa: kada ya taɓa fuska, kada ya fasa fata, kada ya karya ƙashi, kada a yi shi cikin fushi. Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Don haka duk horon da ya bar shati, ya zubar da jini, ya haɗa da wuta, barkono, mari a ƙafa, kulle a ɗaki ko hana abinci, ya fita daga tarbiyya ko da ma'aunin addini aka auna shi. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma jihohi sun yi nasu: Kaduna a 2018, Kano a 2023. Uba ba ya fita daga hannun waɗannan dokoki don shi ya haifa.

Bari mu fara da jiki, domin shi ne ido ke iya gani.

Yaro mai lafiya da ke wasa ba ya rabuwa da ciwo, amma ciwon wasa yana da wurarensa: ƙwauri, gwiwa, gwiwar hannu, goshi, haɓa. Wuraren da ƙashi yake kusa da fata ke nan, kuma yawanci ta gaba, domin gaba ake faɗuwa. Abin da ya kamata ya tsayar da malami shi ne kwanciyar jini ko kumburi a wurare masu tsoka ko ɓoyayyu: kunne da bayansa, wuya, kumatu, fatar ido, ciki, gadon baya, mazaunai, cikin cinya, al'aura. Yaron da bai kai shekara huɗu ba idan aka ga haka a kunnensa, wuyansa ko gangar jikinsa, a kai shi likita ya duba ko da bayanin da aka bayar ya yi daɗin ji. Jaririn da bai fara rarrafe ba kuwa, musamman ɗan ƙasa da wata huɗu, ba shi da hanyar da zai ji wa kansa ciwo. Kwanciyar jini ko guda ɗaya ce a jikinsa abin bincike ce. Haka nan idan 'yar tsokar da ta haɗa leɓen sama da dasashi ta yage a bakin jariri, sau da yawa cokali ko kwalbar madara aka danna masa da ƙarfi.

A baƙar fata kwanciyar jini ba ta fitowa sosai. A duba a hasken rana, a lura da kumburi, a ga inda yaro yake zabura idan an taɓa. Kuma kada kowa ya ce daga launin tabo ya san kwanansa nawa. Likitoci ma sun daina dogaro da wannan.

Abin duka yana barin hotonsa. Wayar lantarki da aka ninka tana barin shati mai lanƙwasa kamar kan ƙugiya. Dorina da tsumagiya suna barin layi biyu a jere da fata mai haske a tsakani. Mari yana barin sawun yatsu a kunci, damƙa tana barin ɗigo huɗu a gefe ɗaya na damtse da ɗaya a ɗaya gefen. Shatin da ya zagaye wuyan hannu ko idon sawu alamar igiya ce ko sarƙa. Idan aka ga tabo iri-iri a jiki guda, wani ya warke, wani yana ɓawo, wani ɗanye, to abin ba na yau ba ne.

Ƙuna ma tana magana. Ruwan zafin da yaro ya jawo wa kansa daga murhu yakan zubo daga sama, ya yi fallatsi, gefensa ba shi da tsari, yana raguwa yayin da yake gangarowa. Wanda aka tsoma yaro a ciki kuwa yana da iyaka madaidaiciya kamar an sa masa safa a hannu ko a ƙafa, babu fallatsi, domin an riƙe shi bai iya motsi ba. Ƙunar taba zagayayya ce mai zurfi, faɗinta kusan santimita ɗaya. Dutsen guga, wuƙa ko cokalin da aka sa a wuta suna barin siffarsu ƙarara. Yaro da tafin hannu yake taɓa abu, don haka ƙuna a bayan hannu, a tafin ƙafa ko a mazaunai tana buƙatar tambaya.

Mafi haɗari shi ne wanda ba ya barin komai a fata. Kukan jariri yana tsananta daga mako shida zuwa wata biyu da haihuwa, daidai lokacin da mai jego ta gaji, wataƙila an bar goyon a hannun yarinya 'yar shekara tara. Girgiza jariri da ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi ya isa ya tsinka jijiyoyin jini a cikin kansa, domin kan yana da nauyi, wuyan kuma bai yi ƙwari ba. Sai a ga jariri ya yi laushi, ya ƙi kama nono, yana amai babu gudawa, maɗigarsa ta kumbura, ko yana jijjiga babu zazzaɓi. A nan ake cewa iska ce ta taɓa shi, a ɓata kwana biyu ana hayaƙi. Wannan jaririn asibiti yake buƙata a cikin awa ɗaya. Karayar haƙarƙari a jariri, ko karayar cinya a yaron da bai fara tafiya ba, faɗowa daga katifa ba ta cika kawo su ba. Muna roƙon maɗora da ke unguwanninku: idan aka kawo irin wannan, kada a ɗaure a sallama.

Dole mu yi adalci, domin zargin da ba shi da tushe yana rushe gida. Jarirai da yawa ana haifarsu da shuɗin tabo a mazaunai ko ƙasan baya. Ba ya ciwo, ba ya canzawa cikin mako, da kansa yake dishewa. Mai cutar sikila hannuwansa da ƙafafuwansa suna kumbura tun yana jariri, ya yi ta kuka kamar an doke shi. Akwai yaran da jininsu ba ya daskarewa da wuri, ɗan bugu kaɗan sai wuri ya kumbura. Tsaga, ƙaho da sakiya suna barin tabo a jere, kuma ko da muna da ja a kan wasunsu, ba da nufin azaba aka yi su ba. Shi ya sa aikinku lura ne da turawa asibiti. Yanke hukunci na likita ne da mai bincike. Abin da ya fi tabon kansa nauyi shi ne labarin da ya biyo shi. Shin bayanin ya dace da girman ciwon? Ya dace da shekarun yaron, ko an ce ɗan wata biyu ya mirgino daga gado? Uwa ta faɗi ɗaya, uba ya faɗi wani, gobe kuma labarin ya canza? An bar ƙuna ta kwana huɗu kafin a nemi magani, ko an tsallake asibitin unguwa an tafi kemis mai nisa inda ba a san su ba?

Sakaci ya fi wuyar ganewa, domin yana kama da talauci, kuma talauci ba laifi ba ne. Ga ma'aunin da muke amfani da shi: a dubi sauran yaran gidan. Idan duka sun rame, tufafinsu duka sun tsufa, wannan gida taimako yake nema, zakka da sadaka da shirin ciyarwa. Idan kuwa yaro ɗaya ne ya rame a cikin ƙosassu, shi kaɗai ba ya zuwa makaranta, shi ke cin ƙanzo bayan kowa ya tashi, shi ke kwana a zaure ko kusa da turke, to wariya ce. Yawanci za a tarar maraya ne, ko agola, ko ɗan riƙo, ko 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye, ko ɗan matar da aka saka, ko mai naƙasa. Ba muna cewa kowace kishiyar uwa azzaluma ce ba. Da yawa sun raini 'ya'yan wasu fiye da nasu, kuma uban da ya san abin da ake yi ya kau da kai shi ne babban mai laifi. A 2020 an ceto wani yaro ɗan shekara goma a Birnin Kebbi wanda aka ɗaure shi tare da dabbobi kusan shekara biyu bayan rasuwar mahaifiyarsa. Gidan yana da maƙwabta, unguwar tana da masallaci.

Akwai awo mai sauƙi da kowace ma'aikaciyar asibitin unguwa ta iya. Yaro daga wata 6 zuwa wata 59, idan aka zagaya tsakiyar damtsensa da ma'auni aka samu ƙasa da santimita 11.5, wato awon ya faɗa a jan ɓangaren ma'aunin, ko aka danna saman ƙafafuwansa biyu wurin ya lotsa bai taso ba, tamowa mai tsanani ce. Idan aka kwantar da shi ya yi ƙiba, aka sallame shi ya sake zubewa, aka maimaita, a tambayi ina abincin maganin da ake ba shi yake tafiya. Wani ana rabawa da sauran yara, wani a kasuwa yake ƙarewa. Sauran alamun sakaci: ciwon da aka bari ya ruɓe, kunne yana zubar da mugunya wata da watanni, yaro ɗan shekara uku shi kaɗai kusa da buɗaɗɗiyar rijiya, ko ɗura wa jariri maganin mura mai sa barci don uwa ta samu ta yi aiki.

Talla kuma sai mun tsaya a kanta. Yarinyar da ta san duka ne ke jiranta idan ta koma da kwantai ba za ta koma gida da magariba ba. Za ta tsaya a tasha ko bakin kango har dare, kuma akwai mazan da suka san haka, su ne masu saye duka farantin. Idan malama ta ga ɗalibarta da kuɗi ko waya ko turaren da ba a san inda ta samo ba, ko uwa ta ga talla ta daina kwantai kwatsam, a bincika da lalama.

Wannan ya kawo mu ga abin da kunya ta fi rufewa. Mai lalata da yaro a cikin dangi ba ya farawa da ƙarfi. Yana farawa da fifita yaron a kan sauran, kyauta, aike zuwa ɗakinsa, wasan taɓa jiki da ake yi wa dariya, sannan sirri, sannan barazana: idan ka faɗa babarka za ta mutu, ko ba wanda zai yarda da ke. Yana iya zama kawu, ɗan uba, mijin uwa, yaron shago, ko wani yaro da ya girme shi. Maza ma ana yi musu, kuma sun fi mata yin shiru. Alamun jiki su ne wahalar zama ko tafiya, jini ko ruwa a wando, ƙaiƙayi ko zafin fitsari mai dawowa, ciwon sanyi a yaro, ciki. Amma ku riƙe wannan da kyau: mafi yawan yaran da aka yi wa haka, idan likita ya duba ba ya ganin rauni, domin fatar wurin tana saurin warkewa, kuma ba kowace lalata ce ke barin rauni ba. "An duba ba a ga komai ba" ba ya wanke kowa. Sa tsohuwa ta duba budurcin yarinya kuma ba ya tabbatar da komai, ƙarin wulaƙanci ne kawai.

Halin yaro yakan riga jikinsa magana. Yaron da ya daina fitsarin kwance wata shida ko fiye sannan ya dawo da shi, a auna fitsarinsa ko akwai cuta, idan babu a tambayi me ya canza a gida, maimakon a tara masa yara suna kiransa amalala. Wanda ke kare kansa da hannu duk lokacin da malami ya ɗaga hannu zai gyara hula. Wanda ke riga kowa zuwa makaranta, ya ƙi tashi bayan an tashi. Wanda haddarsa ta tsaya cak bayan yana kan gaba. Yarinyar da ke ƙin a aike ta wani gida guda, ko take ɓuya idan wani mutum guda ya yi sallama. Ƙaramin yaro da ya san maganganu ko wasannin manya da bai kamata ya sani ba. Mai satar abinci yana ɓoyewa a aljihu. Ko ɗaya daga cikinsu ba hujja ba ce ita kaɗai. Canji na farat ɗaya, ko haɗuwar biyu da uku, shi ne abin lura. Zagi da gori ma cuta ne: yaron da kullum ake kiransa shege ko maye, ko ake ce masa shi ya ci uwarsa, ba ya da tabon da za a nuna wa likita.

Idan yaro ya buɗe baki, minti goma na farko su ne komai, kuma a nan manya suka fi yin kuskure. A zauna daidai tsayinsa, a wurin da ba a jin magana amma ana ganinku. Kada a yi salati da ƙarfi ko a dafe kai, domin yana ganin fuskarka ta canza zai janye. A ce masa: "Na ji ka, ba laifinka ba ne, ka kyauta da ka faɗa." A yi tambaya buɗaɗɗiya, kamar "sai me ya faru?", kada a sa masa suna a baki da "wane ne ya yi, ko?", domin wannan kaɗai ya isa lauya ya rushe shari'a. Kada a tambaye shi me ya sa bai faɗa tun da wuri ba. Kada a yi masa alƙawarin ba wanda zai ji. A gaya masa za a faɗa wa wanda zai taimaka kaɗai. Bayan ya tafi a rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da rana da lokaci. Kada a sa shi ya maimaita wa mutum biyar, kuma kada a taɓa gurfanar da shi gaban wanda yake zargi a ce ya faɗa a gabansa. Yaro da yawa a nan suke cewa ƙarya suka yi, su koma gida su kwana da mutumin.

Idan fyaɗe ne, lokaci yana gudu. Maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Maganin hana ɗaukar ciki ga yarinyar da ta balaga yana aiki har zuwa kwana biyar. Akwai kuma rigakafin ciwon hanta da maganin ciwon sanyi. Kada a yi mata wanka, kada a zaunar da ita a ruwan zafi da bagaruwa kafin a ga likita. Kayan da ke jikinta kada a wanke, a naɗe su a takarda mai tsabta. Leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. Ko an riga an yi wanka, ko kwana ukun sun wuce, a je duk da haka. Akwai cibiyoyin da aka kafa don wannan aiki: Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato. Inda babu su, babban asibiti mafi kusa. A fara da magani, rahoton 'yan sanda ya biyo baya.

Yanzu ga wadda ta shafe ku kai tsaye, ranku ya daɗe, kuma ku yi mana afuwa idan ta yi ɗaci. Sulhu alheri ne a rikicin gona, gado da aure. A fyaɗe da azabtar da yaro kuwa, sulhun zaure shi ne babbar mafakar mai laifi. Dangi su taru, a ba da haƙuri, a biya kuɗin magani, a tura yarinyar ƙauye ko a yi mata auren gaggawa, a kira wannan rufin asiri. Asirin babba aka rufa. Shi yana nan a gidan, ƙannenta suna tasowa. Waɗannan laifuka ne da hukuma kaɗai ke da hurumin yanke musu hukunci, mai unguwa ko liman ba shi da ikon yafe su a madadin yaro. Asirin da ya wajaba a rufa na yaron ne: kada a faɗi sunansa a majalisa, kada a ɗauki hoton fuskarsa ko raunin a watsa a Facebook da WhatsApp da sunan neman adalci, domin hoton zai bi shi har ranar aurensa. Haka kuma kada a bari matasa su far wa wanda ake zargi. Duka a titi yana kashe shari'a, wani lokaci ya kashe marar laifi.

Ku kuma kula da inda iyaye ke kai yaran da suka gagare su. Samamen da 'yan sanda suka kai wani gida a Rigasa, Kaduna, a Satumbar 2019 ya fito da mutane fiye da 300, cikinsu har da ƙananan yara, wasu da mari a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya. Uban da ya zo neman shawara kan ɗa mai shaye-shaye ko sata, a nuna masa asibitin ƙwaƙwalwa da ofishin walwalar jama'a.

Abin da muke roƙo ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Kowane mai unguwa ya san jami'in walwalar jama'a na ƙaramar hukumarsa da sunansa da lambarsa, haka jami'in da ke kula da al'amuran mata da yara a ofishin 'yan sanda mafi kusa, da ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, idan maganar 'yan aikatau ce da aka kawo daga nesa. Ya san gidajen da ke riƙe da marayu da 'yan riƙo, ya sa matarsa ko wata dattijuwa mai amana ta riƙa leƙa su, domin mace tana shiga inda shi ba ya shiga. Kowace makaranta, ta boko da ta Islamiyya da ta allo, ta ware malama ɗaya da malami ɗaya da yara suka san za su iya zuwa wurinsu, da littafi guda da ake rubuta abin da aka gani a kulle shi; yaron da ya yi mako bai zo ba a bi sawunsa har gida. Limamai kuma ayoyin suna hannunku: aya ta 58 a Suratun Nur kan neman izini a lokuta uku, aya ta 9 a Suratud Duha kan maraya, da hadisin raba wa yara makwanci a shekara goma. Muna roƙon a yi huɗuba a kansu da Hausa ƙarara, a ambaci kawu da ɗan uba da mijin uwa, a kuma gaya wa iyaye mata cewa wadda ta kai ƙarar mai cutar ɗanta ba ta tona asirin gida ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar yara da jami'an walwalar jama'a a Arewacin Najeriya.